Maman Lawali da Laifin Gidan Zakari

Maman Lawali bai taɓa zama alƙali ba, bai yi karatun shari'a ba, ko lakwal ɗin ma, makarantar boko, a aji shida ya tsaya. Amma shekara talatin da ɗaya ya yi yana kai takardu daga wannan biro, wato ofis, zuwa wancan a kotun Maradi, yana kiran sunayen waɗanda za a yi wa shari'a, kuma in an zauna yana tsaye a gefe, hannu a baya. Abin da kunnensa ya kwasa a tsawon wannan lokaci ba kaɗan ba ne. Ni maƙwabcinsa ne a unguwar Zariya, katanga ɗaya ta raba mu, saboda haka na sha wannan ilimi ko ina so ko ba na so.

Mutumin Tsibiri ne, ɗan manomin gero. Yana saurayi yake zuwa Maradi kullum a kan keke yana yi wa 'yan kasuwa aike, har wani magatakardan kotu ya lura cewa saƙo ba ya kwana a hannunsa, ya sa aka ɗauke shi. Ya yi aure, ya koma birni, ya haifi 'ya'ya bakwai, ya aurar da biyar. Ban da wannan babu wani abin a-zo-a-gani a rayuwarsa. Dogo ne, siriri, mai son shayi da gardama, kuma ba ya iya ganin mutum yana kuskure ya kama bakinsa.

Da ya ajiye aiki sai ya kafa benci a ƙofar gida. Bayan la'asar mutane kan zo, wanda aka kama wa ɗa, wadda 'yan sanda suka kira komisariya ba ta san dalili ba. Ba ya karɓar ko sisi, ladansa shi ne a saurare shi har ya ƙare, kuma ba ya ƙarewa da wuri. Zai gaya maka cewa hukuma ba ta kama mutum da laifin da ba a rubuta a doka ba tun kafin ya aikata. Zai ce alƙali yana duba abin da hannu ya yi, yana kuma duba abin da zuciya ta nufa, shi ya sa direban da birki ya tsinke masa ya kaɗe mutum ba ɗaya yake da wanda ya saita mota da gangan ba, ko da kuwa gawa ɗaya ce.

Wani lokaci gardama kan kaure a kan abin da ke sa mutum ya yi laifi tun farko. Alhaji Rashid, mai kantin taya, ya tsaya kai da fata cewa abin a jini yake, ka duba gidan da mutum ya fito kawai. Ni na koyar a firamare shekara da shekaru, na ga yara masu zuwa aji da yunwa, sai in ce talauci ne. Limaminmu ya ce rashin tsoron Allah ne, kuma ba wanda ke musa wa liman a fili. Maman Lawali yakan bari duk mu gaji, sa'an nan ya ce, "Ni dai waɗanda na kira sunansu a bakin ƙohwa, yawancinsu sun yi sallar asuba ran da sunka yi abin. Maƙwabta na, da 'yan uwa. Rai ya ɓaci, kuma akwai icce kusa da hannu." Ba mu taɓa yarda da juna ba, mai shayi ne kaɗai ke cin ribar zaman.

Akwai abu biyu da mutanenmu ba sa son ji daga bakinsa. Na farko, cewa yafewar wanda aka cuta ba ta rufe babban laifi. "Shina iya yahe maka nashi," in ji shi, "amma gwamnati na da nata, ita kuwa ba ta zo wurin sulhunku ba." Na biyu, cewa a gaban doka uba ba ya ɗaukar wa ɗa, wa ba ya ɗaukar wa ƙane, kowa da abin da hannunsa ya yi. Tsofaffi kan girgiza kai su ce wannan shari'ar nasara ce, shi kuwa ya ce su tambayi liman ko a lahira ana ɗaukar wa wani.

Ƙanwarsa Tsahara tana aure a Jiratawa. Mijinta Zakari manomin rani ne, yana da albasa da zogale a filin ban-ruwa, kuma yana cikin dattawan da ake kira in rigima ta tashi. Shekarunsa sittin da bakwai, ciwon suga ya daɗe yana cinsa, amma mutum ne da in ya faɗi magana a gaban jama'a ya gama. Shi da Maman Lawali aminai ne tun kafin surukuta ta haɗa su.

A ranin bara waccan, ruwan kanal ya yi ƙaranci, aka koma ba kowa awoyinsa. Wata safiya Hafizu, ɗan farin Zakari, magidanci mai shekara ashirin da takwas, ya tarar da maƙwabcin gonarsu Shamsu ya toshe masa ruwa ya juya zuwa tasa albasar. Aka yi cacar baki, Shamsu ya zagi uwar Hafizu ya juya zai tafi, Hafizu ya ɗaga fartanya ya sauke masa ƙotar a ƙeya. Shamsu ya faɗi, jini ta kunne. Mutum shida suka gani.

Aka ɗauki Shamsu zuwa likita a Maradi, dattawa kuma suka zauna a ranar, don kada abin ya zama gaba tsakanin gidaje biyu masu shan ruwan kanal ɗaya. A irin wannan zama ba a tsayar da yaro ya yi magana, maigida ke amsawa. Zakari ya miƙe, ya cire hula, ya ce wa uban Shamsu, "Ni na yi. Laihina na. Ka yahe mini don Allah." Kowa ya san ba shi ya yi ba, kowa kuma ya san abin da yake nufi. Uban Shamsu ya ce ya yafe, Zakari ya ɗauki nauyin magani, aka shafa fatiha aka watse.

Sai dai ƙashin kan Shamsu ya tsage, kuma raunin da ya kai haka ba ya tsayawa tsakanin likita da majinyaci, dole a sanar da hukuma. Kwana biyu bayan nan jandarmomi suka zo Jiratawa suna tambayar wanda ya yi dukan. Aka kai su wurin Zakari, ya maimaita musu abin da ya faɗa a gaban dattawa, kalma da kalma. Suka sake tambaya, ya sake faɗa. Suka rubuta, suka karanta masa, ya dangwala yatsa. Mutum shidan nan duk suka ce suna duƙe suna aiki, ba su ga komai ba. Shamsu da ya farfaɗo ya ce ta baya aka buge shi, kuma shi ya riga ya yafe. A cikinsu ba wanda ya ɗauki kansa maƙaryaci, a wurinsu magana ce da manya suka rufe, ba yaron da zai buɗe ta. Zakari ya bi jandarmomi da tabarmarsa ta salla, yana ce wa iyali gobe zai dawo in ya yi wa manyansu bayanin cewa an sasanta. Aka wuce da shi gidan kaso, ya jira shari'a.

Sai da ya kwana tara a kaso Tsahara ta zo ta faɗa wa wanta. Ina zaune a bencin. Maman Lawali ya saurara har ta ƙare, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, sa'an nan ya tambaya, "Wa ya bugi yaron?"

Ta sunkuyar da kai. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle a irin wannan wuri. Ta ce, "Yaya, kai ma ka sani."

Washegari ya kai wa Zakari fura. Ya dawo ya gaya mini ƙafafun mutumin sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ga wani ƙurji a ɗan yatsa da ya ƙi warkewa. Ya ce ya yi masa bayani dalla-dalla, cewa abin da ya faɗa a gaban dattawa ban-haƙuri ne, amma a kan takarda ya zama amsa laifi, kuma ana iya yanke masa shekara ko fiye. Zakari ya ce, "Na hwaɗi gaban mutane. In koma in ce ba ni ba ne, da wace huska za ni sake zama cikinsu? Kuma wanga yaro matarshi na da ciki. Ni na ci zamanina. Lawali, ka bar ta haka."

Ban ga laifin Zakari ba, har yau ma ban gani ba. Na ce wa Maman Lawali ya bar mutane da abin da suka zaɓa, tunda ba wanda ya kai ƙara wurinsa. Ya dube ni kamar na zagi ubansa. Ya ce mai ciwon suga da ƙurji a ƙafa ba ya shekara a kaso ya fito da ƙafarsa, wani lokaci ma ba ya fitowa. Ya ce shi ya sha kiran suna a bakin ƙofa a ce masa mai sunan ya rasu.

Ran Asabar ya hau kabu-kabu ya tafi Jiratawa. Bai shiga gida ba, gona ya nufa, ya sami Hafizu yana cirar albasa. Hafizu da kansa ya ba ni labarin daga baya. Ya ce tun ran da aka tafi da ubansa, sau biyu yana shirin zuwa jandarmari, amma uban ya aiko masa cewa in ya buɗe baki bai yafe masa ba duniya da lahira.

"Kawu, ƙaƙa za ni yi? Baba ya hana ni."

"Ran Litinin da ƙarhe takwas ina gaban alƙalin da ke binciken maganar," in ji Maman Lawali. "Za ni hwaɗa mishi abin da na sani, da kai ko ba kai. In ka zo da ƙahwarka, za a rubuta ka zo da ƙahwarka, kuma wannan na rage wa mutum. In anka zo ɗaukarka, shi ma za a rubuta. Ubanka kuwa ka ce mishi ni na tilasta ka. Hushin ya hau kaina."

Tsahara ta tare shi a hanyar fita gari, ta riƙe masa hannun riga tana kuka. Ta ce, "Yaya, ɗaya za ka hiddo ka sa ɗaya. Mi na ƙaru da shi?" Ya ce mata ɗan zai iya ɗauka, uban ba zai iya ba, kuma ɗan ne ya yi. Ta saki rigar ta koma gida, ba ta yi masa sallama ba.

Ran Litinin Hafizu ya riga kawunsa isa kotu. Ya faɗi yadda aka yi tun daga toshe ruwa har zuwa ƙotar fartanya. Da yaron ya yi magana sai bakin shaidu ya buɗe, su shida suka tuna sun gani. Aka saki Zakari bayan alƙali ya yi masa faɗa a kan ɓata wa hukuma bincike. A ranar shari'a aka duba cewa Hafizu bai taɓa laifi ba, an zage shi, bai fito gida da niyyar duka ba, kuma shi ya kawo kansa. Aka duba kuma cewa Shamsu kunnensa ɗaya ya daina ji. Aka yanke masa shekara guda. Uban Shamsu ya miƙe a cikin kotu yana cewa ai su sun yafe, aka ce ya zauna.

Ran da aka saki Zakari, Maman Lawali yana bakin ƙofar gidan kaso da mota da ya roƙo wurin Alhaji Rashid, don a wuce da shi likita. Zakari ya fito yana ɗingishi, ya dube shi, ya ce, "Ka maida ni maƙaryaci gaban garinmu, ka ɗaure mini ɗa. Allah shi isa." Ya wuce motar ya tsayar da kabu-kabu. An yanke masa ɗan yatsan bayan mako biyu, ƙafar dai ta tsira.

Tun daga nan Zakari bai sake zama cikin dattawan sulhu ba. Ba wanda ya hana shi, shi ya hana kansa. Da matar Hafizu ta haihu aka raba goron suna har Tsibiri, ba a kawo unguwar Zariya ba. Shekarar nan duka Tsahara tana zuwa Maradi kowace Alhamis da kwanon abincin ɗanta, ta bi ta bakin layinmu ta wuce. Hafizu ya fito bara, ya koma gonarsa, shi da Shamsu suna gaisawa. Shi kaɗai ke zuwa gaida kawunsa, shi ma a ɓoye.

Maman Lawali yana nan a bencinsa, sai dai ya rage surutu, kuma in ana gardamar abin da ke sa mutum laifi yanzu ba ya sa baki. Da ƙaramar salla ya tafi Jiratawa gaisuwa, ya yi sallama sau uku a ƙofar Zakari, yana jin tarin mutumin daga zaure, aka aiko a ce masa maigida ba ya nan. Da ya dawo na tambaye shi ko ya yi nadama.

"Abin na yi mini ciwo," ya ce. "Amma na ji tarinshi, Malam. Shina da rai, shina gaba da ni. Da na bi tashi, da yanzu muna shiri, ni da kabarinshi."