Rumfar Albasar da Ta Faɗa wa Surukina

Ni tsohuwa ce a wani ƙauye kusa da Aliero. Ban iya rubutu ba, maƙwabciyata malamar makaranta ce take rubuta abin da nake faɗa. Lokacin da abin ya faru ban daɗe da fita takaba ba, ita ce Ƙaramar Sallah ta farko da na tari baƙi babu maigida. A tsakar gidanmu akwai doguwar rumfa da muke jibge albasa a samanta. Tun kafin azumi na ga gara ta cinye ƙafafunta, na ce sai an sayar da albasar a gyara.

Washegarin Sallah ɗiyata ta fari ta zo daga Jega da mijinta, ɗan kabu-kabu. Gida ya cika, rana ta take, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfar nan. Ina kallo daga ƙofar ɗaki. A wurinmu uwa ba ta haɗa ido da mijin ɗiyar fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta ce masa ya tashi. Na raɗa wa ƙanwata ta sauya masa wuri, ta yi dariya, ta ce rumfar da ta shekara tsaye ba yau za ta san baƙo ba, a bar mutum ya ci masarsa. Na ci gaba da kallo daga ƙofa. Yana jingina da ƙafar rumfar, ta zubo masa.

Aka tono shi cikin albasa, cinya ta karye. Masu ɗori sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ƙafar ta warke a karkace, bai sake hawa babur ba. Da na faɗi gaskiya cewa na san da garar, 'yan'uwansa suka ce sai gaban alƙali. Shi ya hana, ya ce ba ya shari'a da uwa. Yanzu ɗiyata ke tuyar ƙosai tana ciyar da gidansu. Duk Sallah yana zuwa da sanda, ya durƙusa da ƙyar ya gaishe ni, ni kuwa in shige ɗaki in yi kuka.

Na gane cewa duk wanda ya shigo gidanka amana ne har ya fita. 'Yan'uwana mata, kafin ku ɗora tukunyar Sallah, ku zagaya gida ku duba rumfa da katanga da bakin rijiya. In kuka ga haɗari ku ɗaga murya, ko a gaban suruki ne. Da na buɗe baki ranar nan, iyaka a ce tsohuwa ba ta da kunya, da mijin ɗiyata na tafiya da ƙafafunsa biyu.