Askar Baba Iliasu

Shekara arba'in Baba Iliasu yana wanzanci a Alabar, kuma bai taɓa yarda da kowa ba. Ko zabirar da yake zuba asake a ciki ba ya bari a taɓa. Rabin unguwar shi ya yi musu askin suna. Sai ga shi bara hannunsa na dama ya soma rawa. In yana zaune hannun lafiya lau, amma da ya ɗauki aska sai karkarwa.

Nan take ya gano mai laifi: Amidu, wanzamin unguwar Asawase, wanda duk gidan sunan da suka haɗu sai ya miƙo masa goro yana murmushi. Ai ruwa ba ya tsami banza. Ya daina karɓar goron Amidu, ya koma sayen nasa, yana ci ninki biyu don takaici. Rawar ta ƙaru.

Ga 'yarsa Safura da cikin wata takwas, shi kuwa ya rantse ba mai aske jikan nan sai shi. Ita ta ja shi asibiti. A cikin mota ma harararta yake yi, yana zargin Amidu ne ya zuga ta.

Likitar ta sa shi ya miƙe hannuwa, ya kai kofin ruwa baki, ya zana da'ira a takarda. Ta ce ba sammu ba ne, ba kuma shanyewar jiki ba. Rawar hannu ce mai bin jini. Ta tambaya ko yana da asma, sannan ta rubuta ƙwayar da za ta rage rawar, ba wai ta raba shi da ita ba. Ta ce ya rage goro.

"Goron wa?" in ji Baba, ya zaro ido.

"Na kowa, Baba. Akwai mai irin wannan a gidanku?"

"Babu!"

Amma a hanya sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya tuna ranar da mahaifinsa, da sauran ƙarfinsa, ya miƙa masa aska a tsakiyar taron suna, ya ce "Yi," ya cusa hannuwansa cikin riga. Shekara arba'in Iliasu yana alfahari, wai gwanintarsa tsohon ya gani.

Ƙwayar ta yi aiki, har yana shan koko ba ya zubarwa. Ranar suna aka miƙo masa jaririyar. Ya ɗaga aska, ya ga maɗigarta tana bugawa, ya ga bakin askar yana ɗan motsi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya waiga. Amidu na zaune a gefen tabarma cikin 'yan taya murna.

"Kai, Amidu, zo ka yi. Amma ina kallonka fa."

Ya miƙa masa askar, ya cusa hannuwansa cikin riga.