Ranar da na kira sunan Malam a tasha

A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce da ba a taka ta a ƙauyenmu. Muna kusa da dam ɗin Watari, Malam yana noman rani, ni kuma ina ƙuli-ƙuli. Bakina ba shi da linzami, in na ga ba daidai ba ko gaban dagaci ne sai na faɗa. Ban shiga makarantar yaƙi da jahilci ba tukuna, daga baya ne na koyi riƙe biron da nake rubuto muku da shi. Amma duk kaifin bakin nan, akwai kalmar da ban taɓa furtawa ba tun da aka kai ni ɗakina, wato sunan Malam. Haka muka taso. Ɗanmu na fari ma ba na kiran sunansa. Da ya yi aure a birni ya samu ɗa namiji, sai ya sa wa jaririn sunan Malam, shi ke nan sunan jikan ma ya fi ƙarfin bakina. Angona nake ce masa. In na ce angona, ya ce shi bai san wannan tsohuwar ba, haƙoranta duk goro. Ni kuma in ce zan kai shi kasuwa in sayar, in sayo ɗan akuya mai amfani. Mu yi ta dariya. Wasanmu ke nan tun da ya fara magana.

Da ƙanwarsa ta isa yaye, muka je Kano ni da Malam mu ɗauko ta. Yaron ya kafe sai ya bi mu, uwarsa ta sa masa sabbin kaya da takalmi mai walƙiya. Tun da muka fito yarinyar take tsala kuka a bayana, nono take nema, ga shi ba ta saba da ni ba. Mota ta sauke mu a tashar wani gari inda ake canji. Kafin ta garinmu ta cika, Malam ya ce bari ya yi azahar, ya tafi da wayarmu a aljihunsa.

Nan yaron ya hango mai ƙanƙara. Na hana saboda mura yake yi, ya zube a ƙasa yana birgima. Rana ta dame ni, kukan baya ya dame ni, na finciko hannunsa na ce, “Tashi ko in sayar da kai yanzu, ai dama shi ya sa na ɗauko ku.” Wallahi ko a jikina, maganar da nake yi kullum ce. Wata mai awara ta ajiye matsaminta ta taso, ta tambaye ni ’ya’yan wane ne waɗannan. A lokacin ko’ina zancen satar yara ake yi. Da na yi mata bayani da sauƙi, da ƙila ya wuce. Sai na ce mata ina ruwanta, ta koma kan awararta kar ta ƙone. Ta ɗaga murya. Kafin in gyara goyona an zagaye ni, ’yan kamasho da ’yan acaɓa da masu talla, kowa yana kallon kayan yaran yana kallon faso a ƙafata.

Wani dattijo ya durƙusa gaban yaron ya tambaye shi ko ya san matar nan. Yaron ya dube ni, fuska duk hawaye da fushin ƙanƙara, ya ce, “Ban san wannan tsohuwar ba.” Maganar da na koya masa da bakina, nake tafa masa in ya faɗa. Na ce musu wasan jika ne, wa cikinsu bai yi da kakarsa ba? Ba mai saurare. Dattijon dai ya nemi a tsaya. Ya ja yaron gefe ya tambaye shi sunansa a kunne, ya dawo ya ce in kakarsa ce ni in faɗi sunan. Na ce angona. Aka ce suna ake tambaya. Na ce sunan mai gidana gare shi. Aka ce to mene ne sunan mai gidan? Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Aka ce sunan uban yaron fa? Shi ma ɗan fari ne. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, na tsaya ina kallon ƙasa kamar wadda aka kama da kaya a hannu.

Mari na fara ji ta baya, ban ga mai hannun ba. Aka fisge gyalena. Wani ya ce a kawo taya. Duk wannan na daure, ina ta cewa a je masallaci a kira mai gidana, mai farar hula. Sai na ji bayana ya yi sakayau. An kwance goyon, wata mata da ban taɓa gani ba ta rungumi yarinyar tana ja da baya cikin mutane. Na ga ɗan kanta yana nisa, na tuna uwarta da ta ɗora mini ita da safe tana share hawaye. Ban san sa’ad da sunan ya fito ba. Na ƙwala shi da duk ƙarfina, yadda ko jakin da ke ƙarshen tasha sai da ya ɗaga kunne.

Murya biyu suka amsa. Yaron ya ce na’am daga hannun dattijon. Daga bayan taron kuma wata murya ta ce na’am, Malam ne yake kutsowa, takalminsa a hannu. Yaron ya ƙwace ya ruga ya ƙanƙame ƙafarsa yana Kaka, Kaka, za su kashe Inna. Aka miƙo mini yarinyar, aka miƙo gyalen. Mai awara ta hau ba ni haƙuri, wanda ya mare ni kuwa har yau ban san fuskarsa ba. Masu neman taya suka sulale kamar ba su ba.

Muka shiga mota, na rungume yarinyar. Sai da muka hango ruwan dam Malam ya sunkuyo ya ce a hankali, “Ashe dai kin san sunan.” Na so in yi dariya, kuka ya zo.

Abin da ya fi tsaya mini ba marin ba ne. Mutanen nan duk sun san wasan jika, duk sun san kunyar suna, iyayensu mata haka suke yi, amma da tsoro ya shige su ba wanda ya tuna. Ku da ke taruwa a kan mutum, ku tambaya kafin ku ɗaga hannu. Ku kuma ’yan’uwana kakanni, wasan tsakar gida a bar shi a tsakar gida, in za a hau hanya a gaya wa yaro yau ba wasa, duk wanda ya tambaya ya ce kakarsa ce. In rai ya zo wuya kuma ku faɗi sunan, ba zunubi ba ne. Ni na faɗa sau ɗaya a gaban tasha guda, kuma shi ya dawo mini da jikata. Amma a nan kam ba zan rubuta shi ba.