Ƙwayoyin da ke cikin kwanon samira

Shekarun baya, cikin azumin bazara, wani ciwon kai ya kama ni a Illela, irin wanda ko ruku'u na yi sai in ji kamar kan zai tsage. Na ɗora wa rana laifi, na yi ta shan farasitamol bayan shan ruwa. Ranar da hannuna na hagu ya saki, ludayi ya faɗi cikin tukunya, aka kwashe ni zuwa asibiti, daga can aka tura mu Sakkwato. Mijina ya tsallaka Ƙonni ta Nijar da kayan albasa, don haka surukata ce ta raka ni.

Da aka ɗauki hoton kai, likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙwaƙwalwata. Ya ce dole ya san abin da ya jawo, in ba haka ba, zai iya dawowa ya kashe ni. Sai ya tambaye ni ko ina shan ƙwayar tazarar haihuwa.

To, ina sha. Ni da mijina muka shirya haka a ɓoye, domin surukar tawa, baiwar Allah, kullum addu'arta ta ga ƙarin jikoki. Ga ta zaune a bakin gado da carbi. Wallahi a lokacin na gwammace jijiyar ta fashe da in amsa a gabanta. Na ƙura wa silin ido kamar ni aka ba aikin gyara shi, na girgiza kai.

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Tana sha, likita. Cikin kwanon samira na ƙasa taka ɓoye su. Ai ni ka wanke kwanonin."

Na ja zane na rufe fuska. Likita ya hana ni ƙwayar, ya sa ni kan maganin tsinka jini, a hankali hannun ya dawo.

A mota, muna komawa gida, na fara kame-kamen ba ta haƙuri. Ta ce, "Mi za ni yi da jikan da babu uwa tai?"

Yanzu duk tambayar da likita ya yi mini, amsa nake ba shi tsaf, ko wa ke ɗakin. Amma kunyar ba ta sake ni ba. Har yau in ta shigo ɗakina ta dubi jeren kwanonin nan, sai in tashi in ce zan duba tukunya.