Shaidar da Kuka Hana Pak Guru Darmaji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, biyar ga watan Zulƙida, da hantsi, Allah ya karɓi ran Pak Guru Darmaji, wato Malam Darmaji a harshenmu, malamin kimiyya a ƙaramar sakandaren garinmu Ngasemrejo. Ya yanke jiki ya faɗi a bayan gidansa yana ba kaji tsaki, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa Bu Warsini da 'ya'ya biyu da ke aiki a birni.

Ni ne Tukijan, wanda kuke kira Mbah Jan, wato Kaka Jan. Ban taɓa zama a aji ba. 'Yata ce ke rubuta wannan daga bakina, na kuma gaya mata in ta sassauta kalma ɗaya ban yafe ba. A allon masallaci za a manna shi, inda duk mai cire takalmi zai gani.

Pak Guru, kai ka sani, garin nan ma ya sani, ba wanda ya kai ni musu da kai. Gonata tana gindin tudun da ruwan damina ke zaftarewa, yana tono ƙasusuwan da suka zama dutse. Kakanninmu sun ce na Samudawa ne, har niƙa su suke yi a sha don ciwon ciki. Kai kuwa ka zo da littafinka ka ce na giwaye ne da ɓauna da wasu mutanen da can, wai halittu suna sauyawa a hankali, wannan daga wancan. Na ce ƙarya ne. Yau ma da kake kwance na ce ban yarda ba. Ni jikan Annabi Adamu ne, a haka zan mutu.

Mun tsufa muna wannan musu a rumfar kofi, ana miƙo mana soyayyen rogo. In ka iso kan tsohon babur ɗinka sai in ce, "Pak Guru, ka gaida 'yan uwan naka birai na kan bishiya?" Kai kuma ka ce, "Na gaishe su, Mbah. Sun ce kai ne ka yanke zumunci." Rumfa ta ɗauki dariya. Wata rana da na matsa maka ka ajiye kofinka ka ce, "Mbah, ni ban ce ba Allah ya yi ba. Yadda ya yi nake dubawa." Na ce, "Wa ya aike ka?" Aka kira la'asar muka tashi muka tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahu, kamar kullum.

Akwai abin da har gobe nake jin haushinka a kai. Shekarar da na tono haƙorin giwa mai tsawon damtsena, dillali ya zo da tayin da zai saya mini saniya. Ka zauna a ƙofata tun safe har rana ta take, kana cewa wannan kayan ƙasa ne, na jikokina ne da jikokin kowa, sai da na gaji na bi ka muka kai gidan tarihi. Suka ba ni takardar yabo da ƙunshin shinkafa. Takarda ba ta jan garma, Pak Guru. Wannan na riƙe shi.

Amma na riƙe wani abin kuma. Ranar da maciji ya sari matata marigayiya Sikem a fadamar shinkafa, ruwa ya shanye gada, masu mota duk suka ce sai ya janye. Kai ka kwance zanen da ke ƙugunka ka ɗaure ta a bayanka, ka zagaya ta hanyar tudu cikin taɓo har asibiti. Ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, ta ga jikoki. Ba ka taɓa tuna mini ba, ko a ranar da na kira ka jahili mai tabarau a gaban jama'a. Yaran da iyayensu suka gaza sayen takalmin makaranta kuma, su suka san inda nasu ya fito. Wasunsu yanzu suna da gemu, suna kuma karanta wannan.

Sai zaɓe ya zo. Haji Gunarto mai injin casar shinkafa ya fito neman kujerar majalisar gunduma. Ba titin da zai nuna, ba rijiya, ba ko kwalbati. Da ya duba hagu da dama bai ga abin hawa ba, sai ya hau kanka. Aka ɗauki muryarka a aji da waya, aka yanke gaba aka yanke baya, motar lasifika ta riƙa yawo da ita kasuwa kasuwa: ga malamin da ke cewa kakan 'ya'yanku biri ne, ku zaɓi mai tsare imani. Wannan Gunarton fa, shi ne a da yake bin gonakinmu a ɓoye yana sayen ƙashi yana kai wa baƙi. Dillalin haƙorin nan nawa yaronsa ne. A lokacin ƙasusuwan ba su taɓa imaninsa ba.

Littafin nan ba kai ka rubuta ba. Gwamnati ta buga, da tambarinta a bango, aka ba ka ka koyar, ka koyar. Yaran da suka bi ta ajinka sun zama ungozoma, sun zama 'yan sanda, ɗaya ma shi ne ladaninmu. Waɗanda suka bar salla a cikinsu na san abin da ya raba su da ita, cacar zakaru ce, ba kai ba.

Yaran Haji sun zo har gonata da takardar ƙorafi, da galan ɗin mai da ambulan ɗin kuɗi. Babbansu ya rusuna ya ce, "Mbah, kai ne jarumin da ka daɗe kana yaƙar mutumin nan. Dangwala mana yatsa kawai." Na ce, "Yaro, musuna da shi nawa ne, ba na haya ba ne. In zan kayar da shi, a rumfa zan kayar da shi yana zaune yana ramawa. Ɗauki manka kafin in ɗauki lauje." Amma yatsu ba su yi wuya a garin nan ba. Aka cire ka daga aji aka mai da ka mai gadin ɗakin littattafai. Aka riƙa rataye maka ayaba a kan babur. Yaran da ka koya wa iyayensu karatu suna bin ka suna kukan biri. Ka daina zuwa rumfa. Na je gidanka in tsokane ka, na yi maganar 'yan uwanka na bishiya, ka yi murmushi kawai ba ka rama ba. Ranar na dawo gida ban ci abinci ba.

Haji ya ci kujerarsa. Littafin yana nan bai sauya ba, sai dai sabon malami ya manne shafukan wannan darasin da gam don ya zauna lafiya. Ɗan Hajin yana birni yana karatun likita, ku tambaye shi ko nasa littafin a manne yake.

Duk wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya na ranar jana'iza ne. Al'adarmu ce tun kaka da kakanni, in an fito da makara, liman ya tsaya ya tambayi jama'a sau uku: wannan bawan Allah, na kirki ne ko mugu? Kowa ya amsa: na kirki ne. Mun yi wa ɓarawon awaki wannan shaidar. Mun yi wa wanda ya mutu da kwalba a hannu. Aka fito da kai, ga allon furannin ta'aziyya da Haji ya aiko, sunansa ya fi naka girma a jiki, ga yaransa a gaba suna kallon fuskoki. Liman Mustajab ya yi tambaya. Garin nan ya yi tsit. Kowa ya sunkuya yana duban yatsun ƙafarsa, don wannan shinkafarsa na injin Haji, wancan yana jiran tallafin taki. Bu Warsini tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji shirun nan da kunnenta.

Na ɗaga murya na ce, "Na kirki ne!" Liman ya sake tambaya. Na sake faɗa, mata biyu suka taya ni ƙasa ƙasa. Ta ukun bai yi ta ba, ya ce a ɗauka. Liman, ka girme ni a ilimi, na girme ka a shekaru, kuma na ce ka yi abin kunya.

Daren addu'ar uku, Bu Warsini ta dafa abincin gari guda, ta shimfiɗa tabarmi har tsakar gida. Waɗanda suka zo ba su cika tabarma biyu ba. Tsohuwar nan da kanta ta riƙa bi gida gida da ƙunshin abincin don kada ya lalace, kuka miƙo hannu kuka karɓa. Shinkafarta ba ta da laifi ke nan, mijinta ne mai laifi.

To ku ji. Ranar Litinin bayan magariba za a yi addu'ar bakwai. Zan zauna a bakin ƙofa. Tambaya ta uku da liman ya haɗiye, ni zan yi ta. Ba na ce ku yarda da littafinsa ba, ni ma ban yarda ba. Wanda Darmaji ya taɓa cuta, ko ya ji shi ya zagi Allah ko Annabi, ya zo ya faɗa a gaban matarsa, zan saurara. Wanda kuwa bai san shi da komai ba sai alheri, ya zo ya buɗe baki. Haji, har da kai, ka zo da ƙafarka, ba furanni ba. Ku tuna kowannenku makara na jiransa, za a tsaya a yi tambayar nan a kansa, 'ya'yansa na saurare.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Darmaji. Inda ya yi daidai ka ninka masa, inda ya kuskure kai ne ka san niyyarsa, ka yafe. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa.

Ke kuma Bu Warsini, Allah ya ba ki dangana. Ki sake ɗora tukunya, ki shimfiɗa tabarmin duka, kada ki rage ko ɗaya. In sun zo, za ki ji abin da ya kamata ki ji tun ranar Talata. In ba su zo ba, zan bi tabarmin ɗaya bayan ɗaya, in tsaya a kan kowace in yi tambaya in amsa da kaina, har muryata ta dushe. Ya Allah, ni Tukijan na shaida: mutumin kirki ne.