Ranar da Surukina Ya Riƙe Wayar Buji

Motar da na gada daga wana tsohuwa ce, mai shan esansi, wato fetur, kuma tana da hali guda: in ta yi zafi aka kashe ta, sai an sha fama kafin ta tashi. Duk Sabon Gari an san haka, shi ya sa ko goro zan saya ba na kashe ta.

Ran nan matata ta ce in je Jiratawa in ɗauko mahaifinta zuwa Tsibiri. Shi ne waliyyin wata 'yar ƙanensa, in bai iso ba ba za a ɗaura auren ba. Sauran 'yan gida duk sun riga sun wuce da safe.

Da na isa ƙofar gidansa sai na tsaya tunani. Ina za ka durƙusa gaida suruki inji na ruri a bayanka, kamar mai cewa a yi sauri? Na kashe ta. Muka gaisa, ya shiga da farar rigarsa. Na murɗa makulli, ta yi gurnani, ta ƙi.

Batir lafiya lau, tunda injin na juyawa. Saura abu biyu: ko wuta ba ta zuwa buji, wato fulogi, ko mai ba ya isa. Gwajin wuta kuwa sai mutum biyu, ɗaya ya kusantar da bakin wayar ga ƙarfen inji, ɗaya ya murɗa. Gidan a bakin gari yake, wajen lambuna, ko ɗan kabu-kabu mai babur da zai taya ni babu.

Ya leƙo ya ce, "Mi ya hwaru, ɗana?"

Na ce, ina kallon ƙasa, "Baba, da dai akwai mai ɗan riƙe wayar nan."

"Kawo."

Tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, balle in koya masa yadda ake riƙe abu. Maganar "ku riƙe ta wajen roba" ta zo mini har maƙogwaro, kunya ta mayar da ita. Ya fito, na miƙa masa da hannu biyu, kaina a sunkuye, na koma na murɗa.

Na ji ya yi salati a hankali. Hularsa ta gangara ƙarƙashin mota. Da na fito yana tsaye, ya damƙe hannun dama da na hagu.

Ya ce, "Wuta kam, akwai ta."

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Amma aikin ya rage, yanzu na san mai ne. Na cire matatar mai, ta cika da dattin man kwalba da nake saye a bakin hanya. Na hure ta, na zuba esansi kaɗan a karbireta, ta tashi. Muka ratsa Maraɗi, muka nufi Tsibiri.

Mun iske mutane sun gaji da zama a kan tabarmi, amma an ɗaura. Lokacin da aka ɗaga hannu ana fatiha na saci kallonsa, hannun hagu na tallafe da na dama.

Da dare matata ta tambaye ni ko tafiya ta yi kyau, don Baba ya aiko a yi mini godiya, wai ni yaro ne mai ladabi. Bai gaya mata ba, har ya rasu bai gaya wa kowa ba. Sai dai duk lokacin da na ce zan kai shi wani wuri, yakan ce kada in wahalar da kaina, ya riga ya yi magana da ɗan kabu-kabu.