Ruwan Makuba a Fentin Tarakta

Taubashina, ɗan kawuna, magini, shi ya zuba mini ruwan makuba a cikin galan ɗin fentin da na sha wahalar duniya kafin na samo. Ba labari aka ba ni ba, da bakinsa ya faɗa mini, yana washe haƙora kamar wanda ya yi aikin lada. An daɗe da yin abin, amma har yau in na ji warin fenti sai raina ya sosu, can kuma in ji dariya tana neman ƙwace mini. Wannan dariyar ita ta fi ba ni haushi.

Taraktar ta mahaifinmu ce. Tsohuwa ya saye ta, ta kuma ƙara tsufa a hannunmu. Tun da na bar makaranta ban gama ba, ni nake tuƙa ta, ni na san tarinta da fushinta, na san inda ake bugawa da dutse in ta ƙi tashi. Injinta lafiya lau. Jikinta ne tsatsa ta cinye, murfin inji ya yi ɓawo-ɓawo, ƙarfen saman taya ya fara hujewa. Mutanenmu kuwa da ido suke hayar tarakta. In sun gan ta a gindin dorawar ƙofar gida sai su ce, "Allah Sarki, ta yi zamani," su wuce su kira wata mai sheƙi daga Ɗanbatta, ko da waccan ɗin za ta mace musu a tsakiyar gona.

Shekarun nan ne da komai ya gagari talaka. Taki ya zama abin kallo, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Yayanmu, Alhaji, ya tara mu ya ce a sayar da ita ga masu sayen tsoffin ƙarafa, kowa ya ɗauki rabonsa ya sa hatsi a rumbu. Ban ga laifinsa ba, yana da baki da yawa da zai ciyar. Amma na san abin da masu ƙarafan nan suke yi: wuta suke sa wa abu su yayyanka shi kamar naman layya. Na ce, "Yaya, a ba ni zuwa ruwan farko. In na gyara mata jiki mutane suka dawo, ta zauna. In ba su dawo ba, ni da kaina zan tura ta kan sikeli." Ya ce ya ji.

Daga nan na shiga neman fenti. A Kano na tambayi na mota, mai shagon ya faɗi kuɗin, na ce masa ba shagon na zo saya ba. A kasuwar Ɗanbatta wani ya miƙo mini bokitin fentin ɗaki, wanda ake sirkawa da ruwa, yana rantsuwa zai kama ƙarfe. Na ce ya shafa wa kekensa tukuna. Wani mai walda a Tsanyawa shi ya gaya mini gaskiya. Ya ce in nemi fentin mai, in kankare tsatsa har sai ƙarfe ya yi fari, in sirka da ɗan fetur, kada ɗigon ruwa ya kusance shi. Ya kuma ce in je bayan kasuwar Dawanau wurin masu fentin manyan motoci, kullum suna da ragowa a gindin gwangwani.

Sau uku ina zuwa. Wani dattijo a cikinsu ya tausaya mini, ya riƙa tara mini ragowar ja, na wannan mota da na waccan, yana tacewa da tsohuwar safa, har galan ya kusa cika. Na kai masa wake daga wanda na ajiye na iri. Na rungumo galan ɗin a cikin bas kamar jariri, duk wanda ya matso sai in harare shi.

Kwana biyar ina kankara. Taubashin nan nawa kullum yana zaune a kan tushen dorawa yana sa mini ido.

"Direba, wannan amaryar taka ko an yi mata lalle ba mai aure."

"Kai dai ka ji da katangar masallacin da ka gina ta karkace."

"Ba karkacewa ta yi ba, ruku'u take yi."

Haka muke tun muna yara, ba a fushi tsakanin taubasai. Kuskurena ɗaya, a gabansa na buɗe galan na leƙa, na ce da kyar in ya isa rabin jikinta, kuma ban san ko zai jure damina biyu ba. Ya ƙura wa galan ɗin ido. Da na san ma'anar kallon nan, da na tafi da galan ɗin duk inda za ni.

Washegari aka yi rasuwa a ƙauyen surukaina, na tafi gaisuwa tun da safe. Kafin in fita na tsiyayi kaɗan a gwangwanin madara, na gwada a kan wani guntun ƙarfe, na ɗora ragowar a kan katanga.

Da la'asar na dawo. Tun daga nesa na hango shi tsaye, riga a naɗe, buroshi a hannu, gemu duk ja. Galan ɗina a cike fal, ga wani bokiti ma ya cika.

"Zo ka gani, Direba! Na ninka maka shi. Kuma wannan, sai dai jikokinka su gaji da ganinsa."

Na ce me ya zuba. Ya ce makuba. Ɓawon dorawar da suke jiƙawa su kwaɓa da ƙasa su yi yaɓe, ruwan sama ya yi ta dukan soro shekara da shekaru bai ci shi ba. Ya ce tun kakansa ba abin da makuba ta taɓa ba su kunya a kansa, ya jiƙa mai kauri tun jiya, da hannunsa ya tace.

Na leƙa galan. Fentin ya tsinke kamar nonon da ya kwana a rana, ja a gefe, baƙin ruwa a gefe. Rabin taraktar da ya shafa kuwa duk ƙuraje, yana zubar da hawaye. Bai bushe ba a ranar, bai bushe ba washegari. Ƙaiƙayi ya manne, gashin kaji ya manne, har wani ƙadangare sai da na ɓamɓare shi. Na shiga gida na zauna, uwar 'ya'yana ta ajiye tuwo ta ɗauke abinta yadda ta kawo.

Kwana uku bayan haka hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Alhaji ya iso da mai sayen ƙarafa. Mutumin ya zagaya ta, ya taɓa, hannunsa ya manne, ya yi tsaki. Alhaji ya dube ni ya ce, "To, ka gani dai." Alkawari kam na riga na yi.

Sai ga magini ya fito daga lungu. Bai yi wa kowa sallama ba, ya kama sitiyari ya hau da kyar, da ƙaton cikinsa, ya zauna daram a kan kujera.

"Mai ƙarfe, kawo sikelin. Amma da ni za ka auna."

Alhaji ya ce, "Sauko, ba wasa muke ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Alhajin rowa. Ni na ɓata fentin nan, ba shi ba. Yaron nan ya yi abin da ya ce zai yi. In hukunci za ka yi, ga ni, yanka ni."

Yaro, wai ni, da furfurata. Alhaji mutum ne mai zafi, ba wanda yake yi masa haka a garin nan. Amma shi ma taubashinsa ne, ba dama ya yi fushi a gaban mutane, sai a yi masa dariya har Tsanyawa. Magini ya ci gaba, ya ce gonarsa taraktar nan za ta fara yi wa haro, kuma duk gidan da ya taɓa yi wa yaɓe zai bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kira taraktar wani wuri kada ya neme shi ranar da soronsa ya fara yoyo. Da ya zo tashi don ya nuna da hannu, wandonsa ya manne da kujera, ashe har ita ya shafa. Mai ƙarfe ne ya fara fashewa da dariya, Alhaji ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Damina ɗaya. Ku biyun duk ba ku da hankali."

Kwana huɗu muka yi muna kankare ɓarnarsa, ni da guntun ƙarfe, shi da cokalin gininsa. Abin da ya rage a gwangwanin madara hancinta kawai ya isa. Haka ta shiga gona a shekarar, hanci ja wur, jiki dabbare-dabbare kamar akuya. Mutane suka yi ta dariya, amma sun kira ta, don tsoron yoyo. Har yanzu tana gindin dorawa, jan hancin bai kwaɓe ba. Da galan ɗin nan ya tsira, da duk jikinta haka yake. Wannan shi ne abin da ba ya barina.

Ranar da muka gama kankara, ya zauna yana hura tafin hannunsa da ya sassale, ya ce, "Direba, ai ka huce ko?"

Na tsaya a gabansa na ce, "Ban huce ba. Ka cuce ni, Magini, sau uku ina zuwa Dawanau. Kai jaki ne, komai ka gani a duniya katanga ce a wurinka. Gonarka ita ce ta farko kowace shekara muddin ina numfashi, kuma kada ka kuskura ka miƙo mini ko ƙwayar gero. Amma wallahi in na sake ganinka kusa da gwangwanina, ko na madara ne, da makubar zan yi maka wanka."